Yaya da Daɓen Jirgi

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu tattara mu koma. Yayana ya riga ni tafiya, shi da muka fito ciki ɗaya, wanda ya goya ni tun ban san sunana ba. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, a gidan da aka haife mu a Rurum Tsohon Gari. Ni ina ɗakina a Tarai ina tsinkar zogale aka zo da babur aka ce in taho. Ban tambayi komai ba. Wanda aka aiko ya kasa haɗa ido da ni, na san an gama.

Makoki ya cika ya batse. 'Yan acaba ma a ayari suka zo, suka jera babura a gindin darbejiya, suka durƙusa a ƙofar zaure. Duk wanda ya hau babur a ƙasar nan ya ce a kai shi Daɓen Jirgi, sun san inda za su sauke shi, ko da rabinsu ba su san dalilin sunan ba. Babbansu ya leƙo ta bakin ƙofa ya ce mini, "Goggo, sau nawa tsohon nan ya biyo mu da sanda don mun ratsa ta cikin duwatsunsa. Yau na wuce ta wurin ba wanda ya daka mini tsawa, wallahi sai na ji hanyar ba daɗi."

Wata tsohuwar Bafillatana ta zo da ƙwaryar nono, ta ajiye, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Ba abin da take maimaitawa sai "Allah yaafo mo, Allah yaafo mo," wato Allah ya yafe masa. Da na matsa mata ta sha ruwa, ta ce tun tana amarya shanunsu ke cin ciyawar filin nan, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga musu murya ba.

Duk wannan ya sanyaya mini rai. Ran sadakar uku ne aka soka mini magana. Muna zaune a ɗakin matar Yaya, ita tana takaba, sai matar wani jikansa, 'yar birni, ta matso ta ce, "Goggo, don Allah in tambaye ki. Wai da gaske jirgi ya taɓa sauka a garin nan, ko dai tsufa ne?" Wata daga baya ta ce, "Ai kin san tsofaffi." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Matar Yaya ta ɗago ta dube ni, na dube ta.

A ranar dai, da na fito alwala, na jiyo ta bayan danga ana cewa Alhaji, babban ɗan Yaya, mai motocin dakon hatsi daga kasuwar Rano zuwa Kano, ya riga ya yi magana da mai tarakta. Da ruwa ya sauka za a kafce filin gaba ɗaya, duwatsun kuma masu tifa za su kwashe a zuba a harsashin gini. Ko kwana uku mutum bai yi a ƙasa ba.

Shi ya sa na kira 'yata malamar makaranta na ce ta zo da takarda. Ni ban taɓa riƙe biro ba, amma abin da idona ya gani yana nan daram. Ku saurara, ke ma 'yar birni ki buɗe kunne.

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas, haƙorana na gaba sun zube, aka yi shela daga gidan dagaci cewa baƙo zai sauka a gonar Babanmu, wadda take yamma da dutsen garinmu. Zamanin Turawa ne. Wai jiragen da ke tashi daga Kano su nufi kudu suna son wurin raɓawa idan wani abu ya same su a hanya, aka duba aka ga ba ƙasa mai shimfiɗa irin tamu a nan kusa. Maza suka fito gayya. Suka sare kalgo da sabara, suka baje suri, suka share wani dogon fili wanda in ka tsaya a wannan bakin ba ka gane fuskar wanda yake wancan. A tsakiyarsa aka jera duwatsu a kewaye kamar zobe, aka shafe su da farar ƙasa don na sama ya hango.

Maza suka ce sun gama. Innarmu ta je ta gani, ta dawo tana tafa hannu. Innarmu ita ce mai ba da waƙar daɓe a garin nan. Duk ɗakin amaryar da aka daɓe a Rurum a wancan zamani, da muryarta aka daɓe shi. Ta ce wa Babanmu, "Malam, baƙo zai sauka a gonarka, a kan turɓaya? A je a ce a Rurum aka sauke shi kamar akuya? Ba da ni ba." Babanmu ya ce ba wanda ya sa ta. Ta ce dama ba a sa mutum ya yi wa baƙonsa shimfiɗa.

Washegari mata suka fito. Wasu na jidar marmara a ka, wasu na jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a manyan tukwane har ruwan ya yi ja. Sauran suka durƙusa sahu-sahu da madaɓai a cikin zoben duwatsun nan. Inna na bayarwa, suna amsawa, katako na sauka tim, tim, tim, kamar hannu ɗaya. Mu yara mu ne masu yayyafa ruwa. Fiye da mako biyu ana abu ɗaya. Hannun mata ya yi kanta, gwiwa ta saɓule, wasu mazan suka yi ta ƙorafi tuwo ba ya zuwa a kan lokaci. Amma da aka gama, wurin ya yi ja wur yana ƙyalli, in ka zubar da man shanu za ka iya kwashe abinka.

Ranar da aka ce baƙon zai zo, Inna ta sa aka shimfiɗa sababbin tabarmi a tsakiyar daɓen, aka aro kilishin dagaci, wato dardumarsa, aka ɗora, aka jera ƙoren fura da ludaya. Gari kaf ya fito. Can sai muka ji ƙugi daga arewa. Ga shi nan ya taho, ɗan ƙarami, fari-fari, ya yi ƙasa har muna ganin kan mutum a ciki. Iskarsa ta ɗaga tabarma ɗaya ta wurgar, shi kuma ya ɗaga ya koma sama. Ya kewayo, ya sake yin ƙasa, ya sake tashi.

Tsofaffi suka ce kunya yake ji. Ai baƙon kirki ba ya zama da tayi ɗaya. Sai mata suka ƙara guɗa, aka gyara tabarmar da ta tashi aka danne ta da dutse, maza suka ƙara matsowa cikin fili suna ɗaga hannu suna "Maraba, maraba, bisimilla!"

Yaya a lokacin saurayi ne, gemu bai fito ba. Shi kaɗai ya lura mutumin da ke ciki yana fito da hannu yana kaɗawa gefe, irin yadda ake korar kaji. Kafin a ankara ya faɗa tsakiyar daɓen, ya naɗe kilishin dagaci ya cillar, ya tattare tabarmi, ya yi fatali da ƙwaryar fura, yana ihu, "Ku ja da baya! Wuri yake so!" Inna ta tare shi ta ɗauke shi da mari a gaban jama'a. Bai ko dafa kuncin ba, ya ci gaba da tura dattawan da suka haife shi. Fili na buɗewa jirgi ya sauko, ya yi gudu a ƙasa yana tsalle-tsalle, ya zo ya tsaya cak a kan daɓen Inna.

Baturen ya fito. Bai kalli dagaci ba tukuna. Ya tsuguna ya shafa daɓen da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya sake shafawa. Ya tambayi tafinta wane ne ya yi wannan. Aka nuna Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ni da nake riƙe da zaninta na san daɗi take ji. Sannan ya ce ina wanda ya kwashe tabarmi. Aka turo Yaya, shatin yatsu biyar a fuskarsa. Daga ranar ya zama mai tsaron filin. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi kuskure ba. Cewa take, "Da ban shimfiɗa ba, me zai naɗe har a san da shi?"

Aka kai shi Kano ya yi mako guda ana nuna masa aiki. Ya dawo da labarin da muka yi shekaru muna ci. Shi ya gaya mana wai jiragen farko da suka zo Kano a filin sukuwar dawaki suka sauka, don ba a tanadar musu ko'ina ba. Ya ce a babban filin akwai mutum a kan raƙumi da kakaki, in jirgi zai sauka ya busa, masu jakuna da masu itace su kauce. Wannan kakakin ya tsaya wa Yaya a rai. Shi ƙahon sa aka ba shi. Yakan ce, "Auta, da ni aka ba raƙumin nan, da har Kibiya sai an ji ni." Auta yake ce mini har ya mutu, ina da jikoki da tattaɓa-kunne.

Aikinsa shi ne da ya ji ƙugi ya busa ƙaho, ya kore awaki, ya kunna danyar ciyawa a gefen fili don hayaƙi ya nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Akwai kuma wani dogon kyalle kamar hannun riga da aka rataye a kan gora, shi ma don iska.

Sau nawa jirgi ya sauka? Nan ne ba mu taɓa shiryawa ba. Shi ya ce bakwai, ni na ce shida. Akwai wanda ya zo ya taɓa ƙasa da ƙafa ya tashi bai tsaya ba. Na ce masa wanda bai sha ruwan gari ba ai bai sauka ba. Ya ce, "Ke da kike leƙe ta bayan zanin Inna, me kika sani?" Ɗaya ya kwana biyu, injinsa ba lafiya, aka zo da makanikai daga birni, Inna ta yi ta aika musu da dambu. Na ƙarshe mai feshin tsuntsayen jan-baki ne, shekarar da na haifi ɗana na biyu. Daga shi shiru. Jirage suka girma, suka koma can ƙololuwa inda ba sa bukatar kowa. Aka daina aiko wa Yaya da komai, aka daina ma tambayarsa. Ba wanda ya zo ya ce masa aiki ya ƙare, shi kuma bai je ya tambaya ba.

Duk kaka, da an gama girbi, zai kora jaki ya je ya haƙo farar ƙasa, ya jiƙa ta kwana biyu, ya bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya da tsintsiyar kaba. Dogon filin kuma bai taɓa barin a sa masa garma ba, ciyawa kawai, ita ma shanun Fulani su aske ta. Kyallen iska da ya yage, ya rasa irinsa, sai ya yanke ƙafar tsohon wandonsa ya rataya. Da ta yage ya yanke wata. Matarsa, wadda har yau nake kira Amarya don tsokana, ta taɓa kawo mini ƙara har Tarai. Ta ce, "Ki yi wa yayanki magana. Na buɗe adaka, wando huɗu, kowanne ƙafa ɗaya. In ya mutu me zan ba masu wanka, su ce gurgu na aura?" Muka yi dariya har da hawaye. Ran da ya mutu kuwa ta tuna mini, muka sake yin hawayen, ba dariya.

In mutane suka ce, "Malam, wa kake wa shara, jirgin da ba ya zuwa?" sai ya ce, "Baƙon sama ba ya sallama." In aka matsa masa ya ƙara da cewa, "Ba don ya zo nake yi ba. Don kada ya zo ya tarar ban yi ba." Kuna cikin hira da shi, ko maganar aure ake, da ƙugi ya ratsa sama zai yi shiru ya karkata kai, bakinsa a ɗan buɗe, har sai ya wuce. Sannan ya ce, "To, ina muka tsaya?"

Faɗanmu mafi girma a kan duwatsun nan ne, kuma ba zan ɓoye ba, ni na jawo. Bikin 'yarsa ta fari, ni ce uwar girki, don ni ce goggo. Baƙi sun zo daga Rano, daga Kibiya, har daga birni. Tukunyar da aka aro ta fi ƙarfin murhun gidan. Na duba ko'ina ban ga duwatsu masu girman da nake so ba, sai na tuna da na zobe. Na sa mata biyu muka je muka ciro uku, muka mirgino su. Na ce a raina, dutse dai dutse ne, gobe a mayar.

Wuta ta kama, ruwa ya tafasa, na fara talge, sai ga Yaya a tsakar gida cikin babbar rigarsa ta uban amarya. Mata suka dare. Ya tsaya a kaina ya ce, "Auta, a ina kika samo waɗannan?"

Na ce, "A gonar ubana."

Ya ce, "Sauke tukunyar."

Na ce, "In ka ga na sauke, tuwon 'yarka ya nuna. In kuma kana so surukanka su kwana da yunwa, ga muciya, sauke da kanka."

Ya jawo turmi ya kifa, ya zauna a kai, cikin hayaƙi, cikin mata, ana neman uban amarya a waje ana cewa ba a gan shi ba. Ya jira har na tuƙa, na kwashe, na sauke. Sannan ya tuɓe rigar, ya nemo buhu ya jiƙa, ya rungumi duwatsun nan da zafinsu ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Sun yi baƙi ƙirin. Kafin la'asar ya wanke su ya shafe da farar ƙasa. Hannunsa duk ya ɗuri ruwa.

Na koma Tarai da fushi. Na ce ya kunyata ni a gaban surukai, ba zan sake taka gidansa ba. Damina guda ban je ba, bai zo ba. Sai ran nan da kaka na ji sallama. Ga Yaya da jakinsa, ya yi tafiyar yini, mangala ta rabu biyu da nauyi. Ya sauke duwatsu uku a ƙofar madafata, masu kyau, kansu ɗaya, ya fasa su da hannunsa daga jikin dutsen garinmu. Ya ce, "Ga naki. Waɗannan ba su da aiki a sama." Ko ruwa bai tsaya sha ba sai da na riƙe masa riga. A kansu na yi girkin bikin 'ya'yana duka.

Kada ku ɗauka mutum ne mai rowar wuri. Babur da kofato da taɓarya ne ba ya bari su hau daɓen. Amma duk matar da mijinta ya mutu, ba ta da wurin shanya, nan take kai barkononta da kuɓewa da tumatir. Ta baza ta tafi harkarta. Shi zai zauna a inuwa yini guda yana korar awaki da kaji, in hadari ya taso ya tattare mata ya rufe. Matan nan su ne, ba wanda ya sa su, duk bayan 'yan shekaru suke jiƙa makuba su zo su toshe inda daɓen ya tsage. Shi ya sa har yau yana nan. Ya dushe, ya yi faci-faci kamar zanin tsohuwa, amma na Inna ne a ƙasa.

Alhaji, in faɗi gaskiya, ɗa ne na kirki. Sunan Babanmu ya ci, don haka Babana nake ce masa. Shi ya kai ubansa Makka. Mutumin da ya yi wa jirgi hidima tun yana saurayi, sai da gemunsa ya yi fari fat sannan ya shiga cikinsa. Tun ana saura wata guda yake shiri. Ya sake shafe duwatsu ba lokacinsu ba, ya rataya sabuwar ƙafar wando, ya sa Alhaji ya roƙa masa kujerar bakin taga. Da suka dawo muka je taro, kowa na tambayar Ka'aba da Madina, ya ba da labari yana kuka. Da mutane suka ragu na matsa na ce, "To, Yaya, ka gani?"

Ya ce, "Gabas suka yi, Auta. Mu kuwa muna kudu." Can ya ce, "Amma na ga yadda ƙasa take daga can. Komai launi ɗaya ne. Fari kaɗai ke fita. Ashe ba a banza ba."

Shekarun baya wasu mutum biyu masu bin diddigin tarihi suka zo daga birni, da abin ɗaukar hoto da igiyar awo. Suka yini da shi. Suka ce irin waɗannan filaye da aka yi a garuruwa an nome su ko an gine, kuma ba su taɓa cin karo da mai daɓe ba. Suka ce za a iya kafa allo a rubuta labarin, 'yan makaranta su riƙa zuwa, amma sai masu ƙasar sun amince za a bar wurin yadda yake har bayan ransa. Yaya ya tara 'ya'yansa ya gaya musu. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a bari mu yi shawara." Yaya ya san ma'anar wannan. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma bai roƙe ni komai ba. Yaya bai iya roƙo ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Liman na nan, mai unguwa na nan, 'ya'yan Yaya maza da mata. Ni ina daga ciki, bayan labule, wurin da ya dace da ni. Na ji an lissafa gida, an lissafa gonar fadama, aka zo kan gonar yamma da dutse. Alhaji ya yi magana, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce jikokin Baba sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, ga fili mai kyau kwance shekara da shekaru ba ya ba kowa ko zangarniya. Ya ce sun bar wa Baba abinsa yana raye don biyayya, yanzu kuma masu rai ke da bukata. Kowa ya ce haka ne.

Na ɗaga labule. Na fito. Na gaishe da liman na ce, "Malam, ina da tambaya. Gonar nan ta wace ce tun asali?"

Ya ce, "Ta mahaifinku ce, Hajiya."

"Da ya rasu, mu nawa ya bari?"

"Ku biyu."

"An raba?"

Ba a raba ba, kowa ya sani. Ran da aka binne Babanmu na ce ni ba zan tsaya a auna mini ƙasa da ɗan'uwana ba, kuma na yi shekara fiye da hamsin ina taƙama da wannan. Duk matar da ta kai 'yan'uwanta ƙara a kan gado, ni ce mai taɓe mata baki. Liman ya ce hakki ba ya ruɓewa, in ban yafe da bakina ba, kashi ɗaya cikin uku nawa ne.

Alhaji ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Goggo, shekara hamsin ba ki tambaya ba, sai da ya kwanta? Mu marayunsa za ki tambaya?"

Na ce, "Babana, da yana raye, me zan tambaya? Yana riƙe mini da shi yadda nake so."

Ya ce, "To ki zaɓi ɓangaren rafi, ya fi albarka. Kada a ce mun cuce ki."

Na ce, "Tsakiya nake so. Inda duwatsun suke."

Wata daga cikin 'ya'yan, wadda na yi wa wankan jego da hannuna, ta ce a hankali, yadda zan ji, "Ashe Goggo ma ta iya." Na ji, na haɗiye.

Aka je da igiya aka auna. Kasona ya ci zoben duka da ɗan abin da ya sawwaƙa na filin gaba da baya. Ruwa na sauka tarakta ta zo. Na sa aka kai ni, na zauna a kan dutse ɗaya da lema, tun safe har azahar, ina kallo ana kaftar dogon filin nan ta gabas da ta yamma. Filin da maza suka share da gayya, wanda Yaya ya hana garma tun ina yarinya, kafin azahar ya koma kunya-kunya. Yanzu masara ce a wurin, ta yi kyau kuwa, ba zan yi ƙarya ba. Ko jirgi ya zo yau ba shi da wurin gudu. Abin da na iya tsarewa ke nan, kuma na san bai kai ba.

Alhaji ya zo ranar. Ya gaishe ni a tsaye. Yaron da tun da ya iya magana bai taɓa gaishe ni ba sai gwiwarsa a ƙasa. Sallar da ta wuce, karo na farko, motarsa ba ta tsaya a ƙofata ba.

Nawa ɗan kuma, babban, murna ya kama yi, wai gona ta faɗo mana daga sama. Har ya fara maganar irin da zai shuka in an fasa daɓen. Na ce masa ya kira mini liman da mai unguwa da shaidu biyu. A gabansu na ce wannan wuri na bayar da shi wakafi, ba a sayarwa, ba a nomawa, ba a gada. Matan da ba su da wurin shanya su yi shanya, masu son gani su zo su gani, mutanen birnin nan in suna nan a kan bakansu su zo su kafa allonsu. Aka rubuta, na dangwala yatsa. Ɗana ya fita bai yi mini sallama ba. Matarsa ta kwana uku tana aiko mini da tuwo ba miyar kirki.

To, Yaya, ka ga abin da ka jawo mini. Gida biyu ke fushi da ni, naka da nawa, ni da ban taɓa neman ko taku ɗaya na ƙasa ba, yau a bakin mata ni ce tsohuwar da ta ci gonar marayu. Na ɗauka. Kai ka sha mari a gaban gari saboda wurin nan, ba ka ko dafa kunci ba.

Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya shimfiɗa maka inda ya fi nan. Ya haɗa ka da Inna da Baba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau, ya kuma huce zukatan yaran nan kafin a zo kiran nawa. Amin.